Asuwaki a Gida, Wankin Haƙori a Asibiti: Sau Nawa Ya Kamata?

  

Nasiharmu ta wannan fitowa a kan wata amana ce da Allah Ya ajiye mana a cikin bakinmu, wato haƙora. Da bakin nan muke karatun Alƙur'ani, da shi muke zikiri, da shi muke gaisawa da 'yan uwa a sahun sallah, da shi kuma muke hira da maigida. Amma abin mamaki, mace za ta kula da lalle da kitso da turaren wuta, ba za ta tuna da likitan haƙori ba sai ranar da kunci ya kumbura ta kwana ba ta runtsa ba.

Musulunci bai bar mu a duhu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kawai ya hana Manzon Allah (S.A.W) wajabta asuwaki a kowace sallah. Uwar muminai Nana A'isha (R.A) ta ba da labarin cewa idan ya shigo gida da asuwaki yake farawa. Kai, har a ciwonsa na ajali, da ɗan uwanta Abdurrahman ya shigo riƙe da asuwaki, ita ce ta karɓa ta tausasa masa ya goge haƙoransa masu albarka. To, wanda bai bar tsaftar baki ba a irin wannan hali, wane uzuri gare mu?

Sai dai akwai tambayar da ɗalibai mata kan yawaita yi a Islamiyya: "Malama, ni da nake asuwaki sau biyar a rana, me zai kai ni asibiti wankin haƙori?" Amsar tana cikin sanin yadda dattin baki yake. Kullum akwai wata dauɗa mai laushi, mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, da ke taruwa a gindin haƙora. Wannan kam asuwakin itacen arak ko na darbejiya, ko buroshi da makilin, suna fitar da ita. Amma akwai lungunan da hannu ba ya isa, musamman bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turame na sama. Idan dauɗar ta yi 'yan kwanaki a can, sinadaran da ke cikin miyau sai su daskarar da ita ta zama kamar dutse, ruwan ɗorawa ko baƙa. Da zarar ta daskare, ko asuwaki goma za ki karya a kanta ba za ta fita ba. Gawayi da toka da wasu ke dirzawa ba sa cire ta, sai ma su kankare fatar haƙorin.

Wannan dutsen shi ke hura wutar ciwon dasashi. Da farko dasashi ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa, baki ya riƙa wari. In an bari, ciwon ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, har haƙori lafiyayye wanda ba shi da kogo ya fara girgiɗi ya faɗi. Matakin farko yana warkewa sarai, amma ƙashin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Mugun abin shi ne, yawanci ba ya zafi sai ya yi nisa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma kimanin biliyan 1 daga cikinsu ciwon dasashi mai tsanani ne.

To, sau nawa ya kamata a je? Abin da ya shahara a bakin likitoci shi ne duk bayan wata 6, wato sau biyu a shekara. Amma wannan ba farilla ba ce da ta hau kan kowa daidai wa daida. Tun a shekarar 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar cewa tazarar duba haƙori ta danganta da halin bakin mutum: ga babba daga wata 3 zuwa wata 24, ga wanda bai kai shekara 18 ba daga wata 3 zuwa wata 12. Ma'ana, likita ne zai duba ya yanke miki naki lokacin, kamar yadda malami ke duba halin mai tambaya kafin ya ba da fatawa.

A taƙaice, ga yadda abin yake. Wadda dasashinta lafiya lau, ba jini ba wari, kuma tana tsaftace baki yadda ya kamata, sau ɗaya a shekara kan wadatar da ita, a duba, in akwai abin wankewa a wanke. Wadda datti ke saurin daskare mata, ko take yawan cin goro da shan shayi mai sukari, wata 6 ya fi mata. Wadda kuwa aka riga aka tabbatar tana da ciwon dasashi, yawanci duk bayan wata 3 ko 4 ake son ganinta. Haka mai ciwon sukari, domin ciwon sukari yana tsananta ciwon dasashi, shi kuma ciwon dasashi yana wahalar da daidaita sukarin.

Masu juna biyu, a saurara da kyau. Sauyin da ciki ke kawowa a jiki yana sa dasashi kumburi da zubar jini, sai mu ce ai laulayi ne, zai wuce. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, kuma tsakanin wata na 4 zuwa na 6 ya fi sauƙin zama a kujerar likita. Abin da ake so kawai ki sanar da shi kina da ciki. Haka nan mai ciwon zuciya ko mai shan maganin tsinka jini, ta faɗa tun kafin a fara.

Yanzu bari mu zo kan shubuhohin da ke hana mu zuwa. Na farko, ana cewa wankin haƙori yana sa haƙora su yi girgiɗi ko su buɗe. Gaskiyar magana, dutsen ne ya riga ya cinye wurin ya zauna a ciki, da aka cire shi sai ɓarnar da ya yi ta bayyana. Ba mai sharar ɗaki ba ce ta haƙa ramin ɓera, ita dai ta ɗaga tabarma ne. Abin da likita ke amfani da shi wata 'yar na'ura ce mai karkarwa tana fesa ruwa, tana farfasa dattin, sannan a goge haƙoran su yi santsi. Aikin bai cika wuce awa ɗaya ba. Za ki iya jin tsamin haƙori in kin sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki, daga nan ya wuce.

Na biyu, wasu na tsoron kada ya shiga cikin canza halittar Allah. Abin da hadisi ya yi hani a kai shi ne a goge ko a sassaƙe haƙori don a ƙirƙiri wushirya saboda ado. Cire datti kuwa tsafta ce da neman magani, kuma shari'a ta kwaɗaitar da duka biyun.

Na uku, azumi. Malamai da dama sun yi bayanin cewa wankin haƙori ba ya karya azumi matuƙar ba a haɗiye ruwa ko jini ba. Amma tunda na'urar ruwa take fesawa, fita daga shakka ya fi. Shawarata, ki sa Sha'aban ya zama watan zuwanki, ki shiga Ramadan da baki mai tsafta. In ke mai zuwa sau biyu ce, sai ki ƙara da Safar, tsakaninsu wata 6 cif. Kin ga ba sai kin rubuta a kalanda ba.

Na huɗu, kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, amma mu auna da abin da muke kashewa a ankon biki ɗaya. Kuɗin wanki bai kai na cirewa da sa haƙorin roba ba, balle wahalar. Asibitocin gwamnati da na koyarwa suna da sashen haƙori, kuma ya halatta ki nemi likita mace in akwai. Ki zaɓi lokacin da maigida ke cikin nishaɗi ki yi masa bayani, in son samu ne ku tafi tare, shi ma a duba nasa. Ina kuma jan kunnenmu game da masu yawo a kasuwa da tasha da ruwan magani wai mai faranta haƙori nan take. Ruwa mai kaifi yana cinye fatar haƙori, kuma ƙarfen da aka sa a bakin wani ba a dafa shi ba yana iya ɗauko ciwon hanta.

Kada mu manta da yara. Wajen shekara 6 turmin farko na dindindin ke fitowa a can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, sai uwa ta ɗauka na nono ne ta ƙyale shi ya rube. In za ki je, ki riƙo hannunsu.

Daga ƙarshe 'yan uwa, asibiti ba zai maye gurbin aikin gida ba. A goge baki da buroshi da makilin safe da dare, na daren nan shi ne ya fi muhimmanci, a raya sunnar asuwaki a lokacin alwala da sallah da tashi daga barci, a rage zaƙi. Wadda kuma ta ga jini a asuwakinta ya wuce mako biyu, ko wari ya ƙi tafiya, ko haƙori ya fara motsi, kada ta jira Sha'aban, ta tafi a wannan makon. Lafiya ni'ima ce da za a tambaye mu a kanta, kuma in kika yi niyyar kiyaye amanar Allah, har takun da kika yi zuwa asibiti muna fatan lada ne.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya tsarkake bakunanmu daga datti da gulma baki ɗaya, Ya sa kalmar shahada ce ƙarshen abin da za su furta. Amin.