Wayar Da Ke Hannun Ɗanka

Ɗan'uwa cikin Almasihu, ka sayar da albasa a Madawa, ka sayo wa ɗanka waya. Ka san da wa yake hira da dare? Akwai miyagu a ƙasashe masu nisa da ke ruɗin yara ta Facebook su aika hoton tsiraicinsu, sa'an nan su ce a biya kuɗi ko su watsa shi. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya a Malabo a 2014 domin yaƙar laifuffukan intanet, Nijar kuma ta kafa dokarta a 2019. Amma doka ba ta kwana a gidanka na Azarori. In abin ya sami ɗanka, kada ka buge shi, kada ka biya ko dala. Ku yi addu'a tare, ka ajiye saƙon, ka kai wa jandarmomi.