Amanar Malami Tsakanin Littafin Turanci da Ɗalibinsa

Littattafan koyon Turanci na makarantun sakandare a Nijeriya ana rubuta su ne bisa manhajar da hukumar NERDC ke fitarwa, kuma galibin manyan kamfanonin da ke buga su suna Ibadan da Legas. Littafin da ke shiga hannun yaron da ya tashi yana jin Turanci a gida da kan titi, shi ne ke shiga hannun yarinyar ƙauye a Jigawa wadda ba ta jin harshen sai a aji. Shi ya sa malami kan ga dole ya taɓa littafin: ya tsallake wani darasi, ya sauƙaƙa wani, ya sauya misali, ya ƙaro abin da babu. Abin tambaya shi ne ko wannan cin amana ne, in kuwa halal ne, ina iyakarsa.

Masu cewa a bar littafi yadda yake suna da hujja mai nauyi. Ƙwararru ne suka jera darussan, kowanne yana dogara da na bayansa, kuma jarrabawa iri ɗaya ce ke jiran kowa, ko ta WAEC da aka kafa a 1952, ko ta NECO da ta fara a 2000. Babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi a ƙasar Hausa. A karatun zaure ɗalibi na biya Ahalari ko Ishmawi ko Risala, malam na fassara masa kalma bayan kalma, ba mai sauya ko harafi ɗaya a matani. Wannan ladabi ga abin da ke rubuce ya biyo mutane har makarantar boko, ta yadda malami kan ji nauyin tsallake shafi ko da ya ga ɗalibansa ba su fahimci komai ba.

Sai dai ko a zaure abu biyu ne ake yi, matani da sharhi. Matani ba ya motsi, amma sharhi yana bin mai karatu, domin bayanin da malam zai yi wa dattijon ɗan kasuwa ba shi zai yi wa yaro ba. Littafin Turanci kuwa ya fi kusa da sharhi. Labarin da aka sa a darasi an ƙirƙire shi ne don ya ɗauko wasu kalmomi da wata ƙa'idar nahawu, ba shi da alfarma a kan kansa. Abin da iyaye suka danƙa wa malami shi ne yaro ya iya harshen, kuma a kan wannan za a tambaye shi.

Magabata sun tsaya a kan wannan batu. Aya ta 4 a Suratu Ibrahim ta nuna cewa kowane manzo an aiko shi da harshen mutanensa ne don ya yi musu bayani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa cikin wajiban malami a Ihya'u Ulumiddin cewa ya tsaya gwargwadon fahimtar ɗalibi. Ibn Khaldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ce ilimi yana shiga ne sannu a hankali, daga dunƙulallen bayani zuwa filla-filla. Amma shi ɗin ne kuma ya yi gargaɗi cewa yawan taƙaita littattafai yana cutar da mai koyo. Wannan gargaɗi shi ya kamata mai gyaran littafi ya fi riƙewa.

Wurin da gyara ya fi zama wajibi shi ne furuci. Hausa ba ta bambanta sautin p da f yadda Turanci ke yi, shi ya sa aka sami fensir da fasinja da famfo. Ba ta kuma fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali tsakani, kamar a burodi da fulawa. Wasulanta biyar ne, dogaye da gajeru, da 'yan tagwai, alhali na Turancin Ingila sun kai ashirin. Littafin da aka rubuta wa ƙasa baki ɗaya ba zai ba waɗannan matsaloli lokacin da Bahaushe ke buƙata ba, kuma jarrabawar tana da sashe guda na sautuka. Malamin da ya ƙaro atisaye a nan ya cika aikin marubucin ne.

Sauƙaƙawa kuwa tana da tarihi. Michael West, da yake koyarwa a Bengal a shekarun 1920, ya sake rubuta labarai da ƙididdigaggun kalmomi don yaran da Turanci baƙo ne gare su, daga baya a 1953 ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a harshen. Manufarsa ita ce yaro ya hau mataki zuwa mataki har ya kai ga cikakken rubutu. Idan aka sauƙaƙa darasi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, aka kuma bar shi a haka har aji uku na babba, an zalunci ɗalibin, kuma ba zai gane ba sai ranar da aka ajiye masa dogon rubutu aka ce ya taƙaita.

Haka ma maido da labari gida. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1937, ya kuma yi nasara, amma shi Hausa yake koyarwa. Mai koyon Turanci yana buƙatar harshen ne don ya karanta abin da ke wajen garinsu. Yana da kyau a fara da kasuwar Dawanau da noman rani, tunda yaro ya san su, sai hankalinsa ya tattaru kan kalmomi. Bai dace a tsaya nan ba, har ya gama makaranta bai taɓa karanta komai kan teku ko ƙanƙara ko rayuwar masuntan Neja Delta ba.

A nan ne batun addini ke shigowa. Wani darasi kan zo da giya, ko shaƙuwar saurayi da budurwa, ko bikin wata al'ada da iyaye ba su yarda da shi ba. Abin da ke ƙawata alfasha ga yaro ɗan shekara 13 cire shi haƙƙi ne, a maye gurbinsa da rubutun da ke ɗauke da nahawu da kalmomi iri ɗaya. Amma bayanin yadda wasu mutane ke rayuwa ba kira ba ne zuwa ga bin su, kuma yaron da zai yi bautar ƙasa a Inugu ko Kalaba yana da haƙƙin sanin maƙwabtansa. Share duk abin da ba na gida ba tauye shi ne.

Wannan aiki yana buƙatar horo, domin malamin da bai san dalilin jerin darussa ba yana iya cire ginshiƙi yana zaton ado ne. Ya kamata kwalejojin ilimi su ba darasin gyaran littafi muhimmanci na musamman, kuma kowace makaranta ta sa malamanta na Turanci su riƙa rubuta abin da suka cire da abin da suka sa a madadinsa, don malamin aji na gaba ya san inda aka tsaya.