Jinyar Iyali da Zaman Wazifa: Wanne Muridi Zai Gabatar?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai tambayar da kan taso wa ɗan'uwa mai riƙo da ɗariƙa idan jarrabawa ta shigo gidansa. A ɗauka muridi ne a Matameye. Matarsa ta daɗe tana fama da jiri da suma, aka je Damagaram, likita ya ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa, aka tura su babban asibiti inda aka dasa mata na'urar daidaita bugun zuciya, wadda mutane ke kira batirin zuciya. Sun dawo gida. Magariba ta yi, 'yan'uwa sun shimfiɗa farin ƙyalle a zawiya, ita kuwa tana kwance tana tsoron a bar ta ita kaɗai. Ina ya kamata ya zauna?

Kafin a amsa, sai a san halin da take ciki. Zuciyar babban mutum mai lafiya kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan ta gaza, ana sa wannan na'ura ƙarƙashin fata, kusa da ƙashin wuya, da siririyar waya da ke bin jijiya har cikin zuciya. A makonnin farko likitoci kan hana ɗaga hannun wannan ɓangaren sama da kafaɗa, da ɗaukar kaya masu nauyi, don kada wayar ta goce. Ke nan babu daka, babu surfe, babu ɗora jarkar ruwa a ka. Dole a kula da tsabtar wurin ɗinki, a koma asibiti da gaggawa in an ga kumburi ko zazzaɓi, kuma kada ta riƙa ajiye wayar salula a kan wurin. Ga kuma fargaba: mai wannan hali kan kwana tana sauraren ƙirjinta.

Shari'a ba ta bar muridi cikin duhu ba. A shekara ta 2 bayan Hijira, da aka fita yaƙin Badar, Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya zauna a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), bisa umarnin Annabi da kansa. Buhari ya ruwaito cewa an ba shi ladan wanda ya halarci Badar da kuma rabonsa na ganima. Idan jinyar mata ta tsaya a madadin Badar, to zaman wazifa na dare ɗaya bai fi ƙarfinta ba. Haka kuma Shehu Halil, a cikin Muhtasar, ya lissafa jinyar mara lafiya cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a da jam'i. Muridi zai iya karanta wazifarsa a gefen gadonta, da murya ƙasa-ƙasa, ita ma ta sami albarkar saurare.

Sai dai wurin da nafsu ke ɓuya ya wuce nan. Zaman zawiya yana da daɗi, ana ganin mutum, ana yaba naciyarsa. Wanke kwano da ɗebo ruwa da goyon yaro babu mai gani, in ma an gani sai a ce ya zama mijin-ta-ce. Shi ya sa da yawa kan ce a kai ta gidan iyayenta ta yi jinya, in ta warke ta dawo. Wani lokaci hakan maslaha ce, idan can ne za ta fi samun kulawa kuma ita ta so. Amma muridi ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: sauƙinta yake nema, ko nasa? Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yana yi wa iyalinsa hidima a cikin gida. Duk wanda ya ji kunyar abin da Annabi bai ji kunyarsa ba, girman kai ne ya saura a zuciyarsa, kuma cire wannan shi ne aikin tarbiyya tun farko.

Akwai kuma ladabin harshe. Kada ya ce mata tsoronta rashin tawakkali ne. Neman magani sunna ce, na'urar sababi ce, Mai bugar da zuciya kuwa Allah ne, jiya da yau. Ya tuna mata cewa mutumin farko da aka dasa wa irin wannan na'ura, a ƙasar Suwidin a 1958, ya rayu har 2001. Ya tuna mata cewa sallarta a zaune cikakkiya ce, kuma malaman ɗariƙa sun ba mara lafiya zaɓi a kan lazimi. Kada ya riƙa lissafa mata kuɗin da aka kashe ko gonar da aka jinginar, domin gori na ɓata sadaka.

Su ma 'yan'uwan zawiya suna da nasu kason. A Sahihu Muslim ya zo cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa kan mara lafiyar da bai gaishe ba, ya sanar da shi cewa da ya je, da ya sami Ubangijinsa a wurin. Saboda haka muƙaddami ya tura a duba su, mata su karɓi girki da daka, masu hali su taimaka da kuɗin motar komawa ganin likita. Kada a ga gurbin ɗan'uwa babu kowa a yi masa zaton sanyin himma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya gyara zukatanmu baki ɗaya, albarkar Annabi (SAW). Amin.