Wasan Ƙwallon Da Ba Shi Da Magariba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu aron lokaci, kuma zai tambaye mu yadda muka ɓatar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu shi ne tambayar da wani dattijo ya yi mini a ƙofar masallaci, nan Magariya, bayan sallar asuba. Ya ce: "Malam, ɗana ba ya sata, ba ya shaye-shaye. Amma tun da aka buɗe gidan gem a unguwarmu, ba ya jin kiran salla, ba ya jin kiran mahaifiyarsa. In na hana shi, ina tsoron ya faɗa wa abin da ya fi wannan muni. In na ƙyale shi, ina tsoron tambayar Allah. Yaya zan yi?"

Na roƙe shi ya ba ni ƴan kwanaki, domin malamanmu sun hore mu da cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Na je na zauna a irin wannan wuri, na gani da idona, na tambayi samarin, sannan na koma ga littattafai.

Siffar wasan

Akwati ne da ake haɗawa da talabijin, mutum biyu su zauna, kowa da abin latsawa a hannu, suna sarrafa hotunan ƴan ƙwallo a kan allo. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da akwatin PlayStation a shekarar 1994. Wasan da ake kira FIFA, na kamfanin EA Sports na Amurka, ya fara fitowa a 1993, kuma tun 2023 sunansa ya koma EA Sports FC. Kishiyarsa, wato PES na kamfanin Konami, ya koma eFootball a 2021. Akwai kuma ire-irensu da ake saukewa a wayar salula. Saboda haka abin da da sai a Damagaram ko Kano ake ganinsa, yau ya isa Bande da Wacha da Dungas da Malawa, domin ko inda wutar lantarki ba ta kai ba, farantin hasken rana ya kai.

Matsayin wasa a wurin malamai

Musulunci bai hana nishaɗi ba. Ya tabbata a littattafan Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya bar Nana A'isha ta kalla. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da ita. Sai dai waɗannan wasannin motsa jiki ne. Wasan zaune kuwa malamai sun fi tsanantawa a kansa. Nardu, wanda sa'a ke yanke hukunci a cikinsa, hadisi ingantacce ya hana shi. Shaɗaranji, wanda ya dogara ga tunani kamar darar da muka gada, an yi saɓani a kansa: Imamu Malik ya ƙi shi, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya hana shi a cikin Risala, malaman Shafi'iyya kuwa sun sassauta. A zamaninmu Shaihu Yusuf Alƙardawi ya halatta shi da sharuɗɗa uku: kada ya jinkirta salla, kada caca ta shiga, kada harshe ya furta alfasha.

Wannan saɓani yana koya mana cewa magabata sun dubi abin da wasa ke yi wa mai yin sa. Da wannan ma'auni za mu auna ƙwallon akwati.

Alherin da ke cikinsa

Adalci ya wajaba ko a kan abin da zuciya ba ta so. Na farko, asalin wasan ƙwarewa ce. Wanda ya fi natsuwa da saurin lura da iya tsara mutanensa shi ke cin nasara, don haka ya fi kusa da dara fiye da nardu. Na biyu, yana daidaita mutane. Na ga wani yaro da shan inna ta taɓa wa ƙafa, wanda ba a taɓa zaɓarsa a fili ba, ya ci ƙato majiyi ƙarfi uku da nema, fuskarsa cike da farin cikin da ban taɓa gani gare shi ba. Na uku, yana tsare samari wuri guda a lokacin rani, sa'ad da aikin gona ya ƙare, zaman banza ya yi yawa a fada. Tsoron da dattijon nan ya ambata gaskiya ne: saurayin da ke zaune gaban allo ya fi wanda ke neman ƙwaya a bayan gari. Na huɗu, sana'a ce ga wanda ya tara ɗan jarinsa ya sayi akwati maimakon ya tafi ci-rani.

Illolin da ke cikinsa

Babbar illarsa ita ce ba shi da ƙarshe. Mu da muka buga tamaula da langa a dandali mun san cewa Allah Ya yi wa wasan fili iyaka daga cikinsa: jiki zai gaji, ƙishirwa za ta kama, rana za ta faɗi, ladan zai kira magariba, kowa ya kama hanyar gida. Wasan akwati kuwa ba shi da magariba. Ƴan wasan da ke cikin allo ba sa jin yunwa, filinsu ba ya duhu, kuma da an busa tashi, latsawa ɗaya ta isa a sake sabon wasa. Wanda ya ci yana son ya ƙara, wanda aka ci yana son ya rama. A tsakanin "bari in ƙara" da "bari in rama" la'asar ke wucewa, hadda ke zubewa, aiken uwa ke kwana a hanya. Ga shi kuwa hadisin Ibnu Abbas a cikin Bukhari ya gargaɗe mu cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne da mutane da yawa ke tafka hasara a cikinsu.

Ba malaman addini kaɗai suka lura da haka ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, ta kuma ambaci alamominsa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba da yi alhali yana ganin cutarwar. Ta bayyana cewa kaɗan ne daga masu wasan ke kaiwa wannan hali, amma kaɗan ɗin nan ƴaƴan wasu ne. A 2021 kuma gwamnatin ƙasar Sin ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Illa ta biyu ita ce caca, wadda ke shigowa ta ƙofa biyu. Ƙofar farko ita ce al'adar nan ta "wanda aka ci shi ke biya". Samari suna ganin dala ashirin ba kome ba ce, alhali kuwa kowane ɗayansu ya zauna ne tsakanin samu da hasara, kuma wannan ita ce ainihin siffar cacar da Allah Ya haramta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda Ya bayyana cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya, tana kuma kange mutum daga salla. Ƙarancin kuɗi ba ya canza hukunci. Ƙofa ta biyu kamfanonin ne da kansu suka buɗe ta. Tun 2009 wasan FIFA ya shigo da wani sashe da ake sayen ƙunshi a rufe, mai saye bai san ƴan wasan da ke ciki ba sai ya buɗe. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ciniki caca ne, har kamfanin ya daina sayar da kuɗin wasan a can a farkon 2019. In waɗanda ba su karanta babin garari a fikihu ba sun gane haka, mu ne muka fi cancantar ganewa.

Illa ta uku ita ce nasarar da babu gumi a cikinta. Lokacin da ƙungiyar ƙasarmu, Mena, ta ci Masar ɗaya da nema a Yamai a 2010, har ta kai ga gasar cin kofin Afirka a karon farko a 2012, shekaru aka yi ana wahala kafin a ga wannan rana. A cikin akwati kuwa yaro na iya ɗaukar kofin duniya tsakanin azahar da la'asar. Zuciyar da ta saba da irin wannan girbi za ta ga noman gero da riɗi ya yi mata nisa, ta ga haddar izu guda ta yi mata nauyi. Jiki kuma, wanda amana ne, yana zaune yana mutuwa.

Amsar da na ba dattijo

Na ce masa: Baba, abin da ya bayyana gare ni shi ne asalin wasan halal ne, amma tun da ba a yi masa iyaka daga ciki ba, wajibi ne a yi masa daga waje. Kai ne za ka zama magaribar ɗanka, har ya girma ya zama magaribar kansa. Ka zauna da shi cikin lalama ku yanke lokaci sananne, bayan karatu da aikin gida. Kiran salla ya tsayar da wasa ko ana tsakiyarsa. Kowa ya biya rabonsa kafin a fara, ko ɗaya ya biya wa ɗan'uwansa don kyautatawa. Kada a sayi ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba. Kada a zagi iyayen kowa. In ka ga ya kasa riƙe waɗannan, to, wasan ya zama haramun a kansa shi, ko da halal ne ga waninsa, kamar yadda zuma ke zama cuta ga mai ciwon sukari.

Ku kuma masu gidajen gem, ku ji tsoron Allah game da ƴaƴan mutane. Ku kashe allo lokacin salla, ku kori ɗalibai a lokacin makaranta, ku hana caca a rumfunanku, domin kuɗin da aka samu ta hanyar lalacewar ɗan maƙwabci ba ya albarka. Mu kuma limamai da iyaye, hani kaɗai ba zai wadatar ba. Mu kare filayen da yara ke wasa, mu shirya musu gasar ƙwallo da kokawa tsakanin unguwanni da makarantun Islamiyya, domin yaron da ya yi gumi a fili ba ya raba dare gaban allo.

Wannan shi ne abin da ya sauwaƙa. In na dace daga Allah ne, in na yi kuskure daga ni ne, kuma Allah ne mafi sani. Ya Allah Ka shirya mana zuriyarmu, Ka sanya albarka a cikin lokutanmu, Ka sa mu cika da imani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.