Ranar Wanka: Kunya da Amana a Asibitin Makaranta

Duk wanda ya taɓa zama a bencin asibitin makaranta da hantsi ya san irin shirun da ke wurin. Ɗalibai a jere, kowa da katinsa a hannu, kowa ya sunkuyar da kai kamar ana zaman makoki. In ka tambayi na kusa da kai abin da ya kawo shi, amsar ba ta wuce ɗaya: “Ɗan zazzaɓi ne.” Zazzaɓi shi ne ciwon da ba ya zubar da mutunci, saboda haka kowa yakan fake da shi. To amma mun sani, su ma ma'aikatan sun sani, cewa a cikin masu zazzaɓin nan akwai mai ciwon sanyi, akwai mai tarin da ya ƙi ƙarewa, akwai wadda al'adarta ta rikice, akwai kuma wanda ya yi mako uku barci bai ɗauke shi ba. Waɗannan ma su ne masu ƙarfin hali, tun da har sun iso ƙofar. Akwai waɗanda suka gwammace su kwanta a ɗaki su ja bargo.

A yau ƙasar Katagum ta zama matattarar ɗalibai. A cikin garin Azare akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, sannan a Gadau ga jami'ar jiha wadda yanzu take ɗauke da sunan Malam Sa'adu Zungur. Samari da 'yan mata daga Misau da Jama'are da Shira da Gamawa da Giade, da ma wasu jihohin, sun baro gaban iyayensu, da yawansu a karo na farko. A gida in ciwo ya zo, uwa ce take fara ganewa tun kafin a faɗa. A makaranta kuwa sai mutum ya buɗe baki da kansa, a gaban wanda bai sani ba, ko kuma, abin da ya fi muni a ganinsa, a gaban wanda ya sani. A nan ne tambayarmu take: shin kunyar da ke hana ɗalibi faɗin ciwonsa halin kirki ce ko kuwa cuta ce ta biyu? Kuma in laifi ne, na wane ne?

Ba za mu yi saurin kushe kunya ba, kamar yadda wasu 'yan boko kan yi. Kunya ita ce take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ce take sa saurayi ya tuɓe takalmi tun daga nesa in ya hango surukinsa, ita ce take sa baƙo ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka. Al'ummar da ta rasa ta, ta rasa shingen da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa. Sai dai Bahaushen da ya ɗaukaka kunya, shi ne kuma ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wato tun asali ya san kunya tana da lokacinta da muhallinta, har ma ya ware wasu mutane waɗanda ba a jin kunyarsu. Wanzami yakan shiga har ƙuryar gida, ya yi kaciya, ya yi ƙaho, ya ga abin da maƙwabci bai isa ya gani ba. Ungozoma takan ga matar mai gari a halin da ko mijinta ba ya ganinta. Malamai ma sun yi bayani cewa lalura takan halatta wa mai magani ya dubi abin da aka hana wani duba. Me ya sa aka sakar wa waɗannan mutane jiki? Domin an san abin da suka gani a ɗaki, a ɗaki zai kwana. Wanzamin da ya zama mai sakin baki, ba a sake kiransa gidan suna. Ashe ke nan Bahaushe bai taɓa ajiye kunyarsa a banza ba. Musaya yake yi, ya ba da sirrinsa a ba shi amana.

In mun fahimci wannan, za mu fahimci wata ɗabi'a ta ɗalibai da kan ba ma'aikatan lafiya haushi. Ɗalibi zai bar asibitin da ke bayan ajinsa, wanda galibi ya riga ya biya kuɗinsa tare da kuɗin rajista, ya hau acaɓa ya tafi kemis a wata unguwa mai nisa, ya sayi ƙwayoyi ba tare da gwaji ba. Akan ce jahilci ne. Mu dai muna ganin baƙunta yake saye. Sirri ya fi sauƙin faɗa ga wanda ba za a haɗu da shi gobe a masallaci ko a gidan biki ba. Wannan hali ya daɗe. A ƙarshen shekarar 1823, lokacin da ayarin Kyaftin Clapperton ya taso daga Borno zai nufi Kano, akwai wani likita a cikinsa, Dokta Oudney, wanda mutane suka riƙa zuwa wurinsa neman magani a kan hanya, ga shi kuwa shi kansa ciwo ya ci ƙarfinsa, har ya rasu a Murmur, kusa da garin Katagum, a watan Janairu na 1824. Baƙo mai wucewa ne, duk abin da aka gaya masa zai tafi da shi. Azare kuwa, duk da girman da ta yi, gari ne da in an bi salsala kowa ya san kowa. Mai yanka kati na iya zama maƙwabcin gwaggonka, mai ba da magani na iya zama abokin yayanki.

Mun taɓa zama a irin wannan benci, a wani asibitin makaranta da ba za mu ambaci sunansa ba. Wata ɗaliba ta fito daga ɗakin likita ta miƙa takardarta ta tagar ɗakin magani. Mai ba da maganin, ba da mugun nufi ba, sai ya ɗaga murya yana yi mata bayanin yadda za ta yi amfani da shi, bayanin da ya isa ya sanar da duk wanda ke wurin irin ciwon da ke damunta. Ta karɓa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita da sauri. Ba wanda ya yi dariya. Amma mun tabbata a cikin waɗanda ke zaune akwai wanda a take ya sauya shawara, ya shiga ya ce wa likita kansa ne ke ciwo. Murya ɗaya da aka ɗaga ta isa ta mayar da mutum goma maƙaryata.

Riƙon sirrin majinyaci tsohon sharaɗi ne a aikin likita. Yana cikin rantsuwar da ake dangantawa ga Hippocrates na ƙasar Girka, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. A Nijeriya ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi cewa duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jinyarsa sirri ne, ba a bayyana shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko kuma in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Amma doka tana kama wanda ya ɗauki fayil ya kai wa wani ne. Ba ta ganin ƙofar da aka bari a buɗe, ko labulen da ya yage, ko ma'aikaciyar da ta dubi budurwa sama da ƙasa ta ce, “Ke da ba ki da aure, me ya haɗa ki da wannan ciwo?” Yawancin sirrin da ke zuba a asibiti ta irin waɗannan ƙananan kafofi yake zuba.

Wani zai ce, kuma maganarsa abin dubawa ce, wannan batu na sirri ɗabi'ar Turawa ce. A wurinmu ciwo na dangi ne. In mutum ya kwanta akan yi ta zuwa dubiya, wannan ya kawo kunu, wancan ya kawo addu'a. Kuma uban da ya sayar da buhunan gero ya biya kuɗin makaranta, yaya za a ce ba shi da hakkin sanin abin da ke damun 'yarsa? Haƙiƙa zumuncin da ke tattare da dubiya alheri ne, kuma mara lafiya da yawa ya tashi ne saboda ganin fuskokin 'yan'uwa. Sai dai mu lura, ko a gida ba kowane ciwo ake shelarsa ba. Akwai wanda uwa da 'yarta kaɗai suke sani, akwai wanda kaka kan rufe ta tafi da shi kabari, shi ya sa ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya dace da likitan makaranta shi ne ya lallashi ɗalibi ya sanar da iyayensa da bakinsa, ya taimaka masa da kalmomin da zai faɗa in ya rasa su. Amma ya ɗauki waya a bayan idon baligi mai hankali, wannan ko ya gyara lamarin ɗalibi ɗaya, ya rufe ƙofar asibitin ga sauran, domin labarin ba zai kwana ba sai ya zaga ɗakunan kwana. Mun yarda akwai halin da rai ke cikin haɗari, kamar wanda hankalinsa ya gushe ko yake neman halaka kansa. A nan ceton rai ya sha gaban komai.

To, in asibiti ya riƙe amanarsa, sai magana ta dawo kan ɗalibi, kuma a nan ba za mu sassauta masa ba. Akwai ciwon da in ka ɓoye shi kanka kaɗai ka cuta. Wanda ya yi ta haɗiyar maganin zazzaɓin cizon sauro alhali taifod ke cinsa, shi zai ji a jikinsa, ga shi kuwa gwajin jinin da zai nuna ko cizon sauro ne bai wuce na minti 20 ba. Amma akwai ciwon da mai shi ba shi da ikon ɓoye shi, domin ba nasa ne shi kaɗai ba. Ɗauki tarin fuka. Ta iska yake yaɗuwa, kuma ɗakin kwanan ɗalibai, inda akan cusa mutum takwas a wurin da aka gina don huɗu, a rufe taga da hunturu saboda sanyi da ƙura, shi ne gonarsa. Tarin da ya wuce mako biyu ya wajaba a gwada shi. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana sha na wata shida, kuma bayan 'yan makonni da farawa haɗarin shafa wa wani yakan ragu ƙwarai. Ɗalibin da ya san duk wannan, ya ci gaba da tari a cikin gyale don kada a ce yana da fuka, ya fifita sunansa a kan huhun abokan kwanansa. Da wuya mu kira wannan kunya, tun da kunya ta gaskiya kare mutuncin wani take yi, kamar ta baƙon da ya ce ya ƙoshi don kada ya tona asirin mai masaukinsa. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, akasari a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. A irin wannan cuta, tsakanin ciwon kai da sanƙarewar wuya da mutuwa wani lokaci kwana ɗaya ne ko biyu. Wanda ya ga abokin ɗakinsa a wannan hali ya yi shiru wai don an roƙe shi kada ya faɗa, ya yi kara a inda ba a yin ta.

Akwai kuma namu kason, mu da ke zaune a benci. Ɗalibi ba likita yake tsoro ba da farko. Bakinmu yake tsoro. Mu ne muke gudun cin abinci da mai farfaɗiya, alhali ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Mu ne muke cewa wane ya taɓu don an gan shi yana karɓar maganin damuwa. Mu ne in mun ga budurwa ta je asibiti sau biyu a mako muke fara ƙirga watanni. Sannan mu ne, in jarrabawa ta matso ba mu shirya ba, muke zuwa mu kwanta muna nishin ƙarya don a ba mu takardar shaidar rashin lafiya. Wannan na ƙarshe akan ɗauke shi wayo, har a yi ta ba da labarinsa ana dariya. Amma likitan da aka yaudara sau biyar, in mai sikila ya zo masa yana murƙususu ranar jarrabawa, da wane ido zai dube shi?

Malam Sa'adu Zungur, wanda sunansa ke kan ƙofar jami'ar Gadau, an fi saninsa da waƙa da siyasa, amma fannin lafiya ya fara karanta a Yaba, ya kuma koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya. Yanzu ga shi a Azare ana horar da waɗanda nan da 'yan shekaru za su zauna a ɗaya gefen teburin. A yau su ma ɗalibai ne, suna bin layi da kati a hannu, suna jin yadda zuciya ke bugawa in an kira suna da ƙarfi a gaban jama'a. Za a koya musu sunan kowace jijiya da awon kowane magani. Muna fata a cikin malamansu a sami wanda zai tsaya ya nuna musu yadda ake tura ƙofa a rufe kafin a yi tambaya, da yadda ake sassauta murya a tagar ɗakin magani, da yadda in ɗalibi ya ce zazzaɓi ne, ake ajiye biro a dube shi, a ce, “To, ban da zazzaɓin fa?”