Gilashin Ludo da Allon Dame

A gindin wata darbejiya kusa da tashar mota a Bawku, inda masu lodin albasa ke jiran rana ta yi sanyi, alluna biyu ake fitarwa kullum. Ɗaya na ludo ne, takarda mai gidaje huɗu da aka kwantar a ƙarƙashin gilashi, aka zagaye da firam na katako. Ɗayan na dame ne, wanda a Kano ake ce wa daraf, katako zalla, tsakiyarsa ta yi ƙwarmi saboda shan bugu.

Na daɗe ina kallon na ludon. Wasan daga Indiya ya samo tushe, aka yi masa rajista a Ingila, amma rufe shi da gilashi dabara ce da ta dace da ƙasarmu. Ƙurar hunturu ta sauka, sai a sa gefen riga a share. Shayi ya zube, ba abin da zai taɓa takardar. Shekara biyar ana wasa, jan nan da koren nan suna nan kamar jiya aka sayo. Ga kuma ƙarar dayis a kan gilashi, ƙas-ƙas, wadda ita ce rabin daɗin wasan.

Wani ƙanena da ya taɓa ganin na'urar finbol ya tambaye ni me ya sa ba a yin filinta da gilashi, tunda ƙwallo zai fi gudu. Ai akwai gilashin, amma a sama yake, murfi ne. Filin da ƙwallon ƙarfe mai nauyin kusan giram 80 ke yawo a kai falankin katako ne, an ɗan karkata shi kamar digiri 6 da rabi. Tun 1947, da kamfanin Gottlieb na Chicago ya sa 'yan sandunan da ke maido da ƙwallo sama, duka yake sha ba ƙaƙƙautawa. Katako yana karɓar noti, a huda shi inda ake so, ƙwallo ya buge shi ya ɗan loɓa, shi ke nan. Gilashin da aka gasa don ya yi tauri kuwa ba ya huduwa. Ka matsa masa, ya zube tamkar tsakuwa.

Na san mutane iri biyun nan, masu halin gilashi da masu halin katako. Akwai wanda ba ka taɓa ganin alamar gajiya a fuskarsa, kullum tas, har ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa don bai taɓa cewa wash ba. Akwai kuma mai mita, duk abin da ya same shi sai ka gani a jikinsa, amma gobe yana nan. Mun fi yaba na farko, kuma a ganina shi muka fi cuta.

Wata ranar kasuwa, wani direba da aka cinye wa ɗa a bakin gida ya buga kofin dayis da ƙarfi a kan gilashin ludon. Tsaga ta tashi daga kusurwar ja har gidan shuɗi.

"Haba Malam, ai ba dame ba ne!" in ji mai allon.

Direban ya laluba aljihu ya ba da kuɗin yanko wani. A gefe guda, wani dattijo ya ɗaga ɗan damensa sama ya maka shi a kan katako, ƙwas, ko waiwayowa bai yi ba.