Ruwan Da Bai Jirkita Ba

Ya 'yan'uwa Musulmi na ƙasar Zuru, tun muna makarantar zaure muka karanta a Ishmawi cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa bai jirkita ba. To, gubar dalma takan shiga ruwa ba ta taɓa ko ɗaya cikin ukun nan ba.

A 2010 maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum suka binne yara fiye da 400 saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Garin dutsen kuwa har a kududdufai ake wanke shi.

Masana sun nuna dalma da zaiba suna hana gansakuka amfani da hasken rana, wani lokaci haɗuwarsu ta fi muni. Wanda bai mutu ba ya shanye gubar, ƙwari su ci shi, kifi ya ci ƙwari, mu ci kifi. Subhanallahi!

Buhari da Muslim sun ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudana. Ina ga zaiba? Haƙar zinariya halal ce, amma wanke dutsenta a mashaya cutar da jama'a ne. Hakimai da limamai su tsawatar.